Kwat Ɗaya, Magoya Baya Sittin

A ƙarƙashin matakalar benen Mai Siminti akwai wani ɗan ɗaki wanda in ka ware hannu biyu za ka taɓa bangon nan da na can. Nan ne shagon Kar-ka-motsa, mai ɗaukar hoton fasfo. Sana'a ce ta ba shi sunan, don ba ya danna kyamara sai ya daka wa mutum tsawa sau uku, "Kar ka motsa!", ko da kuwa mutumin ya riga ya daskare. Kayan aikinsa ba su da yawa: kyamara, kwamfutar da sai an mare ta a gefe take tashi, jan labule, da baƙar kwat guda ɗaya rataye a ƙusa. Duk namijin da ya zo da rigar da ba ta yi wa hoto ba, sai ya zura masa kwat ɗin nan. A ƙirjinta na hagu akwai tabon ƙuna mai siffar dutsen guga, tun ranar da matarsa ta bar dutsen a kai ta tafi raba faɗan yara.

Mai Siminti yayan matar tasa ne, shi ya ba shi ɗakin don zumunci. A gaban benen kuwa akwai babban shago mai ƙofar gilashi, shekara uku a rufe, kuma shekara ukun nan Kar-ka-motsa bai taɓa wucewa ba tare da ya leƙa ya auna inda zai rataye labulensa ba.

Da zaɓe ya ƙarato, Mai Siminti ya fito takarar kansila. Abokiyar karawarsa Ungozoma ce, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti wadda rabin unguwa a hannunta suka faɗo duniya. Kar-ka-motsa ya ga abin nema ya samu, ya hau bene da sassafe.

"Yaya, na ga kana ta buga fosta kamar a zamanin kakanni. Zaɓe yanzu a waya ake cin sa. Ni nan da kake gani, akwai wani ɗan takara a wata ƙasa da na ci wa zaɓe ina kwance a ɗakina."

"Wace ƙasa?"

"Sirrin aiki ne, Yaya. Ba ni mako biyu kawai. In ban sa likitoci da injiniyoyi sun yi ta rantsuwa da sunanka a guruf ɗin unguwa ba, ka canza mini suna."

Mai Siminti mutum ne da ba ya raina kowa sai wanda ya girme shi da wanda ya girma. Jin an ambaci likitoci sai ya gyara zama. Ya ce, "In na ci, shagon gaba naka ne. In kuwa ka ba ni kunya, ko ƙarƙashin matakalar ma ka nemi wani."

"Ka sa a fara share shagon, Yaya."

Dabarar ba wata mai nisa ba ce. A cikin kwamfutarsa akwai hotunan fasfo na shekara tara. Ya zaɓo sittin, ya buɗe wa kowanne shafi a dandalin sada zumunta, ya raɗa musu sunaye masu nauyi: Dakta Mai Gaskiya, Barista Ba-Sani-Ba-Sabo, Farfesa Ɗan Kishin Ƙasa. Ya rubuta wa kowanne a shafinsa cewa yana zaune a ƙasar waje amma zuciyarsa na unguwa. Ya tura su cikin guruf ɗin unguwa, suka shiga yabon Mai Siminti ba dare ba rana, wani na amsa wa wani, duka da yatsansa ɗaya.

Matarsa ta kawo masa abinci, ta leƙa kwamfutar, ta ce, "Baban yara, wannan ba mai askin bakin titi ba ne?"

"Farfesa ne."

"To ga kwat ɗinka a jikinsa. Ga ta a jikin wancan ma. Ga ƙunar da na yi."

"Ke me kika sani game da intanet? Hoton da bai kai farce girma ba, wa zai tsaya duba ƙuna? Ki fara ɗinka wa kanki labulen shagon gilashi."

Ta ɗauki kwanonta ta ce, "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Kwana uku abin na tafiya kamar an shafa mai. Mai Siminti ba ya iya karanta ƙananan rubutu, tabarau kuma ya ce na tsofaffi ne, saboda haka kowace safiya Kar-ka-motsa ke hawa bene ya karanta masa yabon da shi da kansa ya rubuta jiya. Wanda ya fi shiga ran ɗan takarar shi ne wani Injiniya Mai Amana, wanda kullum sai ya rubuta, "Na san bawan Allahn nan ciki da waje, bai taɓa raina na ƙasa da shi ba." Mai Siminti ya kalli ɗan hoton, ya kaɗa kai ya ce, "Ka ga fuskar manyan mutane. Irin waɗannan nake so a kusa da ni."

Rana ta huɗu Mai Aski ya shigo da waya a hannu, almakashi a ɗaya hannun.

"Kai, yaushe na zama farfesa?"

"Ka ƙi ne?"

"Ban ce na ƙi ba. Amma an rubuta ina ƙasar waje, tun safe mutum biyu kacal suka zo aski. Matata kuma ta ce tunda haka ne in fito da albashin."

Bai gama lallashin Mai Aski ba sai ga Tela, ido jawur. Shi hotonsa ne aka sa wa Barista, kuma Baristan ya rubuta cewa Ungozoma ta tsufa, ta koma gida ta yi renon jikoki.

"Ta zo da kanta ta kwashe yadinta kala huɗu daga shagona! Ta ce da ta san abin da bakina zai faɗa, da ta bar ni da cibiyata. Ni da ko sunana sai na yi gumi nake rubutawa!"

"Kuskuren na'ura ne," in ji Kar-ka-motsa. "Akwai wasu 'yan kutse daga ƙetare da ke hassada da ni. Yau ɗin nan zan yi maganinsu."

Ana wata ga wata. Da hantsi wata dattijuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Matar tsohon maigadin shagon siminti ce, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ta miƙo wayar 'yarta, ga Injiniya Mai Amana a kai.

"Ɗan nan, shekara biyu ban ji ɗuriyar mijina ba, ko a mafarki. Yau 'yata ta ce ya tashi yana siyasa."

Kar-ka-motsa ya ji kunya, don gaskiya ya manta mutumin ya mutu. Amma kunyarsa ba ta daɗewa. "Iya, kamanni ne. Duniya da faɗi, kowa da mai kama da shi."

"Har da kwat ɗin da ka ara masa ranar da na rako shi? Ka cire shi. Ka bar shi ya huta."

"Kafin ki kai gida na cire, Iya."

Da ta tafi ya kai hannu zai goge shafin, sai ya tuna Injiniya ne ɗan gaban goshin Yaya. A goge shi, a ce ya tafi ina? Sai ya buɗe manhajar gyaran hoto ya ƙara wa marigayin tabarau da gashin baki. Ya bi sauran ma haka, wannan gemu, wancan hula, wani ya yi masa sanƙo. Ya jingina da kujera yana yaba kansa. Fuskoki duka ya gyara, kwat ce kawai bai taɓa ba.

Washegari wani a guruf ya jera hotuna sittin ɗin wuri guda, ya zagaye tabon ƙunar da jan layi a kowanne, ya rubuta a ƙasa, "Jama'a, a ƙasar waje dutsen guga ɗaya gare su?"

Guruf ya kama da wuta. Wani ya ce haɗari ne ya rutsa da su a layi. Wata ta ce a tara taimako a saya wa farfesoshi riga. Kar-ka-motsa ya yi gumi, ya share, ya sa Dakta Mai Gaskiya ya ba da amsa: "Jahilci ciwo ne. Wannan yunifom ne na ƙungiyar manyan magoya baya, tambarin kuma alama ce ta cewa za mu goge talauci."

Ya ji daɗin amsar nan har ya hau bene ya karanta wa Mai Siminti. Baki shi ke yanka wuya. Mai Siminti ya miƙe tsaye don murna.

"Har da yunifom? Ranar Asabar akwai muhawara tsakanina da tsohuwar nan a ɗakin taron makaranta. Ka kawo mini su, su sittin, cikin yunifom ɗinsu. In kira su ɗaya bayan ɗaya su gaisa da jama'a."

"Yaya, ai suna ƙasar waje."

"Ba ka ce zuciyarsu na unguwa ba? Su biyo ta. Ko shagon ne ba ka so?"

Mai hankali a nan zai durƙusa ya faɗi gaskiya. Kar-ka-motsa ya ce, "An gama."

Kwana biyu yana zagaya unguwa yana alkawarin hoto kyauta na shekara guda ga duk wanda zai sa kwat ya fito a matsayin magoyin baya. Tela ya kore shi da ma'auni. A ƙarshe ya samu mutum bakwai, ciki har da Mai Aski, wanda farfesancin ya fara yi wa daɗi, da wani siririn Mai Wanki, da Bakanike, ƙato mai kafaɗu kamar ƙofar gareji. Ya tara su ya zana musu tsari a ƙasa da tsinke. Bayan dandamalin ɗakin taron akwai ɗan ɗakin ajiye tsintsiya mai ƙofa biyu. Mutum zai sa kwat, ya fita ta dama, ya ɗaga hannu, ya dawo ta hagu, ya tuɓe, na gaba ya sa. In bakwai suka ƙare sai a canza huluna a sake zagayowa.

Mai Wanki ya ce, "In aka ce mu fito tare fa?"

"Manyan mutane ba sa fitowa tare. Ka taɓa ganin farfesa biyu a layi?"

Ranar Asabar ɗakin taro ya cika har tagogi, rabin mutanen ba muhawara ta kawo su ba, kwat suka zo gani. A kan dandamali Ungozoma na zaune da 'yar jakarta a cinya. Mai Siminti na gefe ƙarƙashin wata ƙatuwar fostarsa da aka rataye tun daga rufi. Ya karɓi makirfo, ya zaro takarda.

"Ni ba da 'yan a-bi-yarima nake tafiya ba. Ku ga irin mutanena. Farfesa Ɗan Kishin Ƙasa!"

Mai Aski ya fito yana taku ɗai-ɗai, tsefe na leƙe daga aljihun wandonsa. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Farfesa, gobe za ka buɗe? Gashina ya taru!" Aka kwashe da dariya. Mai Siminti ya ɗauka murna ce, ya ƙara murya.

"Dakta Mai Gaskiya!"

Mai Wanki ya fito, hannun kwat ya rufe masa yatsu. Ungozoma ta sauke tabarau ta dube shi, ta jawo nata makirfon a hankali.

"Sannu Dakta. Wannan ni na karɓi haihuwarsa, da ƙafa ya fito. Yaya babarka da ciwon gwiwar?"

Mai Wanki ya manta shi dakta ne, ya rusuna. "Da sauƙi, Mama. Tana gaishe ki."

A ɗakin tsintsiya Kar-ka-motsa na tuɓe wannan yana zura wa wancan, zufa na zuba. Zuwa mutum na biyar kwat ta jiƙe sharkaf, na shida ya ce shi wallahi sai an shanya ta. Jama'a kuwa sun gano tsarin, suna ƙirga tsawon lokacin da ake ɗauka tsakanin fita da fitowa, wasu na ihun "A ba ta hutu!"

"Barista Ba-Sani-Ba-Sabo!"

Bakanike aka cusa a ciki, mutum biyu na ja ta baya. Kar-ka-motsa ya raɗa masa, "Kar ka ɗaga hannu. Kar ka yi numfashi. Kar ka motsa." Ƙaton ya fito hannuwa a sanƙare, ya ga matarsa a cikin taro tana ɗaga masa hannu, ya mayar mata. Ƙarar yagewar har lasifika ta ɗauka. Ya juya zai gudu, jama'a suka ga kwat ta rabe biyu daga wuya har ƙugu, ga singileti mai baƙin mai.

Mai Siminti ya fara jin wani abu ba daidai ba, amma girman kai bai bar shi ya tsaya ba. Ya ɗaga takarda sama.

"Ku yi dariyarku. Na bar muku babba a ƙarshe. Mutumin da ya san ni ciki da waje, aminina, ɗan uwana. Injiniya Mai Amana!"

A ɗakin tsintsiya ba wanda ya yarda ya taɓa kwat. Kar-ka-motsa ya dubi mutanensa, kowa ya kau da kai. Mai Aski ya ce, "Ni farfesa na yarda in zama, ban yarda in zama mamaci ba." Ƙofar gilashi ta gifta a idon Kar-ka-motsa. Ya fizgi kwat ya sa, ya ɗaure bayan da igiyar tsintsiya, ya ɗora tabarau, ya manna gashin bakin da ya yanko daga burushi, ya fita.

Bai kai tsakiyar dandamali ba dattijuwar nan ta miƙe daga layi na uku. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya juyo gare ta.

"Kai ɗan nan, koma gefe, ba da kai nake ba." Ta ɗaga wayar 'yarta, ta fuskanci Mai Siminti. "Ranka ya daɗe, ka ce amininka ne. Dubi fuskar nan da kyau, ban da tabarau da gashin baki. Ka gane shi?"

Mai Siminti ya karɓa, ya kai kusa, ya kai nesa. "Injiniya ne mana."

"Shekara goma sha ɗaya yana gadin shagonka. Kullum shi ke buɗe maka ƙofa. Yana raye ba ka taɓa kiransa da komai ba sai 'kai'. Da ya rasu ba ka taka ƙofarmu ba. Yau da aka sa masa kwat ya zama ɗan uwanka."

Ba wanda ya yi dariya. Mai Siminti ya miƙa mata wayar. Sai ya juyo kan Kar-ka-motsa, wanda gashin bakinsa ya saki gefe ɗaya yana lilo.

"Yaya, bari in yi bayani. 'Yan kutsen nan na ƙetare..."

"Ni ban san komai ba!" Mai Siminti ya yi tsawa cikin makirfo. "Jama'a ku shaida, ba ni da wata alaƙa da wannan tsummar kwat!"

Ungozoma ta nuna sama da yatsa. "To wannan fa, ɗana?"

Kowa ya ɗaga kai. A jikin ƙatuwar fostar, ga Mai Siminti na murmushi cikin baƙar kwat, ga tabon dutsen guga a ƙirjinsa na hagu, girmansa ya kai faranti. Ranar ɗaukar hoton ya ƙi sauko da tasa daga bene, ya ce ba shi da lokaci, a ba shi ta shago. Dariyar da dattijuwa ta tsayar ta dawo ninki biyu, wasu har da faɗowa daga taga. Wayoyi ɗari suka ɗago lokaci guda. Kafin Kar-ka-motsa ya kwance igiyar tsintsiya, bidiyon ya riga shi isa gida.

Da aka yi zaɓe Ungozoma ta lashe, Mai Siminti kuwa ƙuri'un da ya samu ba su kai yawan magoya bayansa na bogi ba. Washegari da safe aka sauko da kwaɗo daga bene, da saƙo cewa kafin azahar ƙarƙashin matakala ya zama wayam. Matar Kar-ka-motsa ta hau ta roƙi yayanta, ta sauko ido ya kumbura, ta fara naɗe jan labule.

Suna fitar da kaya sai ga samari sun taru a ƙofa suna tambayar mai shago. Kar-ka-motsa ya gyara tsayuwa ya zunguri matarsa.

"Kin gani? Suna ya fita. Samari, hoto nawa-nawa za a yi muku?"

"A'a, ba hotonka muke so ba. Kwat ɗin za ka ara mana, da wayarmu za mu ɗauka."

Mai Aski da Tela na bakin titi suna kallo. Kar-ka-motsa ya dube su, ya dubi ƙofar gilashi sau ɗaya, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku faɗi gaskiya dai. Me na ce tun farko? Na ce zaɓe a waya ake cin sa. To wa ya ci wa Ungozoma zaɓe in ba ni ba? Mako biyu na ce, mako biyu aka yi. Ko yanzu akwai 'yan takara uku da ke nemana."

Matarsa ta naɗe yagaggiyar kwat ta yi gammo da ita, ta ɗora masa a ka. Ta ciccibi kwamfuta ta aza, ta ƙara kujera, ta ƙara labule a sama. Ya buɗe baki zai ci gaba, kayan suka yi tangaɗi.

Ta ja da baya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Baban yara, kar ka motsa."